Shekarar Autanmu ta farko a kwalejin koyon sana'a a Jidda

Tun da aka fara ganin Autanmu yana fita da sassafe, jaka a baya, katin ɗalibi rataye a wuya, mata ke tare ni a gidan suna da gidan biki da tambaya iri ɗaya: wace makaranta ce, nawa ake biya, kuma da gaske yana ɗaukar wani abu? Ga amsata a dunƙule: ya ƙaru sosai, mun kuma sake yi masa rajista. Sai dai akwai abubuwan da ya kamata a sani kafin a cire riyal ko ɗaya. Ba zan kama sunan wurin ba, domin ina da ƙorafi a kansu.

Auta shekararsa 21, ni ce yayarsa, kuma ni ke bin takardunsa. An haife shi da lalurar Down, wadda wasu ke kira galahanga: ƙwayar gado ta 21 ce ta zo masa guda uku maimakon biyu. Ba jinnu ba ne, ba sammu ba ne. Ya yi karatunsa a azuzuwan tarbiyya fikriyya, wato na yara masu raunin fahimta, da ake haɗawa da makarantun gwamnati, da ya gama sai zaman gida. Daga talabijin sai waya. Jiki ya yi nauyi, magana ta ja baya, har sallar jam'i sai an lallaɓa shi. A nan yawancin yaranmu masu raunin fahimta ke tsayawa, sa'o'insu sun wuce jami'a ko wurin aiki, su kuwa suna ɗaki.

Wurin ma'ahad ne, wato cibiyar horo, mai zaman kansa a arewacin Jidda, ɓangaren maza. Ɗalibansa na yau da kullum suna koyon kwamfuta da aikin ofis da hidimar otal, sai aka buɗe shirin shekara biyu ga wasu samari kaɗan irin su Auta. Wasu darussan nasu ne su kaɗai: lissafin kuɗi, tsafta, hawa mota, yadda ake magana da shugaba a wurin aiki. Wasu kuma tare suke zama da kowa, kowannensu da abokin tafiya, wato ɗalibi ɗan sa-kai da ke zama gefensa. Tsarin ba baƙo ba ne a duniya. Jami'ar Alberta da ke Kanada ta fara irinsa tun 1987, a Amurka kuma dokar ilimi mai zurfi ta 2008 ta buɗe wa irin waɗannan ɗalibai ƙofar tallafin karatu na gwamnatin tarayya, har shirye-shiryen suka haura 300. Saudiyya ta shiga yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu nakasa a 2008, wadda sashenta na 24 ya ambaci ilimi mai zurfi da koyon sana'a ƙarara, sannan ta fitar da sabuwar dokar haƙƙinsu a 2023. Don haka wanda ya kai ɗansa irin wannan wuri kada ya shiga yana sunkuyar da kai kamar mai roƙon alfarma.

Ranar zaman farko na tsara abin da zai koya, mu uku muka je da Umma. Ustazu ya dubi Auta ya ce, "Wane aiki kake so ka yi?" Umma ta yi caraf ta ce duk abin da suka ga ya dace. Ustazun ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, shi nake tambaya." Ɗakin ya yi tsit. Auta yana murza gefen taubinsa, ya daɗe bai ce uffan ba, mutumin nan bai hanzarta shi ba, bai kuma ƙarasa masa magana ba. Can ya ce, "Gahawa. In haɗa wa mutane gahawa." Shekara da shekaru muna gida ɗaya da shi, babu wanda ya san wannan burin. Aka rubuta shi a saman takarda, kuma a kansa aka gina komai.

Yadda suke koyarwa ya burge ni. Kowane aiki sai an yayyanka shi ƙanana, kowane mataki da hotonsa: wanke hannu, ɗaura gyauton aiki, auna gari, danna na'ura, goge tebur. Farko malami na riƙe hannunsa, daga baya nuni kawai, daga baya ya koma gefe yana kallo. Kuɗi ma haka. Kwanaki na bi shi baƙala, wato shagon kayan masarufi, da riyal 50, ya ɗauki madara da burodi, aka ba shi canji. Bai motsa ba sai da ya shimfiɗa takardun a kan kanta ya ƙirga ɗaya bayan ɗaya, layi na jiransa, sannan ya ce wa mai shagon saura riyal biyu. Gaskiyarsa ce kuwa.

Amma in za a tambaye ni abin da ya fi canza shi, ba darussan ba ne, zama cikin samari sa'o'insa ne. A wurinsu ya ga ana gyaran fuska, ana zuwa a kan lokaci, ana musu kan ƙungiyoyin ƙwallon Ittihad da Ahli. Abokin tafiyarsa ya saka shi a rukunin WhatsApp na aji, yanzu saƙon murya yake turawa, maganarsa ta fi fita. Abin da muka yi shekaru muna faɗa a gida bai ji ba, ya ɗauke shi a wurinsu ba tare da an ce masa komai ba.

To, ga inda raina ya ɓaci. Haɗin da aka tallata mana bai kai yadda aka faɗa ba, domin darasi biyu ne kawai ake zama tare. A ajin kwamfuta kuma, malamin zangon farko baya ya tura su ya kunna musu wasa, sauran na koyon Excel. Auta da bakinsa ya gaya mini, na je na yi magana, aka gyara, amma rabin zango ya riga ya tafi. Masu horar da su sun iya aikinsu, malaman sauran azuzuwan ne ba a shirya su ba. Takardun darasi ma da Larabcin littafi suke zuwa, alhali yaron da Hausa da Larabcin Hijaz ya tashi, sai na zauna da dare ina sauƙaƙa masa. Ga nisa. Tun rusau na 2022 da ya ci unguwanni irin su Sabil da Karantina da Gulail muka koma gefen gari, kuma kuɗin makaranta bai haɗa da mota ba. Kuɗin kansa yana da nauyi, sai da mu 'yan'uwa muka yi karo-karo.

Babbar maganar ita ce takarda da aiki. Shaidar da za a ba shi ta halarta ce, ba difloma ba. Hukumar koyar da fasaha da sana'a ta ƙasa ce ke ba wa irin waɗannan ma'ahadai lasisi, to a nemi ganin amincewarta ga shirin kansa, ba ga makarantar kawai ba. Sannan a ranar rajista an yi ta yi mana zancen kamfanoni masu shaidar Muwa'ama (ta wurin aikin da ya dace da masu nakasa) da tallafin Hadaf (asusun gwamnati na tallafa wa ɗaukar 'yan ƙasa aiki), da cewa a tsarin Niɗaƙat, mai ƙayyade wa kamfanoni yawan 'yan ƙasar da za su ɗauka, ma'aikaci mai nakasa ɗaya ana lissafa shi a matsayin huɗu. Duk gaskiya ne, amma ga ɗan ƙasa. Hausawanmu masu jinsiyya, wato shaidar zama ɗan ƙasar Saudiyya, za su ci moriyar wannan. Mu masu iƙama, wato takardar izinin zama ta baƙi, Auta yana ƙarƙashin mahaifinmu ne a matsayin ɗan rakiya, ana biya masa riyal 400 duk wata, kuma ba zai karɓi albashi ba sai an mayar da iƙamarsa hannun mai aikin. Babu wanda ya fayyace mana wannan, ga takardunmu a gabansu.

Yanzu yana gwajin aiki a wani shagon gahawa safiya biyu a mako, mai horarwa na leƙa shi. Kafin mu biya kuɗin shekara ta biyu sai da na sa aka rubuta mini darussan da zai zauna tare da sauran ɗalibai, da wanda zan kira idan aka sake mayar da shi baya. Mai niyyar kai nasa ya fara neman rahoton likita da na gwajin fahimta tun yanzu, domin ba sa karɓar tsoho, kuma samun ranar ganin likitan kan ɗauki lokaci. Ya kuma roƙi a bar shi ya zauna a ajin haɗin na awa guda kafin ya sa hannu.