King's Quest: na masoya ko na kamfani?

Malam, kan batun ko ka sayi wasan kwamfuta na King's Quest na 2015 ko ka sauke tsofaffin wasannin jerin waɗanda masoya suka sake ginawa, amsata gajera ce. Je ka sauke na ƙungiyar masoyan nan AGD Interactive, ka fara da na biyu, Romancing the Stones. Kuɗinka kuwa ka riƙe abinka tukuna.

Na ga wasu a nan suna ce maka na masoya jabu ne, ka nemi na asali. To su fara faɗa mana wanne ne na asalin. Roberta Williams ce ta ƙirƙiro jerin nan a 1984, a kamfanin Sierra On-Line da suka kafa ita da mijinta Ken. Na ƙarshe da ta sa wa hannu shi ne Mask of Eternity na 1998. Shi kansa Sierra an sayar da shi tun 1996, ya bi ta hannun Vivendi, ya faɗa hannun Activision, a 2023 kuma Microsoft ta saye Activision ɗin ɗungurungum. Na 2015 ɗin wani kamfani ne daban, The Odd Gentlemen, ya yi shi da izinin Activision. Roberta ba ta rubuta shi ba, albarka kawai ta sa musu a bikin The Game Awards na 2014. Ka ga ke nan, duka biyun babu hannunta. Gidan abinci ne da aka gaji allon sunansa, mai girkin ta daɗe da tashi. Kuma ko a zamaninta ba ita kaɗai take tuƙa tuwon ba: King's Quest VI na 1992, wanda galibin masoya ke ɗauka shi ne gwarzon jerin, tare da Jane Jensen suka rubuta shi.

Su kuma 'yan AGD ba sata suka yi a ɓoye ba. Sun sami lasisin masoya daga masu haƙƙin, bisa sharaɗin ba za su sayar ba. Na farko ya fito a 2001, na biyu a 2002, na uku sai 2011. Har Josh Mandel, tsohon ma'aikacin Sierra wanda ya yi muryar Sarki Graham, jarumin jerin, a na biyar da na shida, shi ya dawo ya yi musu muryar. Idan ana maganar gadon jini, wannan ya fi kusa da gida.

Abin da ya sa nake nanata na biyun shi ne, na asalinsa na 1985 kusan ba shi da labari. Graham ya je ƙasar Kolyma neman mata, ya tara makullai uku, ya buɗe ƙofofi uku, ya ɗauko Valanice, shi ke nan. A hanya za ka gamu da yarinya mai jar hula, da Neptune, da Dracula, kowa na zaman kansa, babu abin da ya haɗa wani da wani. Umarni ma bugawa kake yi da Turanci, in ka kuskure kalma wasan ya yi kamar bai ji ka ba. Ga wata gada da aka ƙayyade sau nawa za ka taka ta, ba tare da an sanar da kai ba, in ka wuce adadin sai ta rufta da kai.

Masoyan nan sai suka ɗauki wannan ƙashin suka sa masa tsoka. Makullai suka koma duwatsu masu daraja guda uku, aka kawo wani mugu da ake kira The Father yana kitsa makirci ta bayan fage, komai kuma da linzami ake yi. Ka yi haƙuri zan ɗan tona maka wani sirri. Na buga shi da ɗan yayata a wata tsohuwar kwamfutar cinya mai fasasshen murfi, da dare, an ɗauke wuta. Da muka isa gidan mai shan jini, wato Dracula, wanda a nan sunansa Count Caldaur, yaron ya riga ya ƙudurta kashe shi za mu yi, yana ta zungurina wai in yi sauri. Sai ga shi ashe mutumin ba shi ne mugun ba, yarinya mai jar hular nan da kakarta ma iyalinsa ne. Yaron ya yi tsit, can ya ce, "Kawu, to da mun kashe shi fa?" A na 1985 kashe shin ake yi, a wuce. Wanda ya zauna ya yi wannan tunanin marubuci ne, ko an biya shi ko ba a biya shi ba.

Na 2015 ina da shi, babi biyar ne, an kammala su a 2016. Zanen ya yi kyau, Christopher Lloyd ya iya muryar tsoho Graham yana ba jikarsa Gwendolyn labari, babin farko ba laifi. Amma ni dai barkwancin ya yi mini yawa, abin wasa ƙwaƙwalwa ya yi kaɗan, ga cin data da son kwamfuta mai ƙarfi.

Ba kuma duk aikin masoya zan tura ka ba. The Silver Lining na Phoenix Online Studios ya sha wuya: Vivendi ta dakatar da su a 2005, Activision ta sake dakatar da su a 2010, sau biyun sai da masoya suka yi ta kiraye-kiraye kafin aka sassauta. Babi huɗu suka fito, na biyar shiru. Kada ka fara da labarin da ba a ƙarasa ba.

Sannan ka yi hattara da masu shagon tura wasanni. Na AGD kyauta ne a shafinsu, duk wanda ya ce ka biya kuɗin wasan cutar ka yake yi, kuma sau da yawa filashinsa cike yake da ƙwayar cutar kwamfuta. Haka masu tallar lambar buɗe wasa ta shagon intanet na Steam da arha a WhatsApp, a tura kuɗi su toshe ka, ko su ba ka lambar da wani ya riga ya yi amfani da ita. In ka gama na biyun kuma kana son ka ɗanɗani hannun Roberta da kanta, shagon wasanni na intanet GOG na sayar da na huɗu da na biyar da na shida a haɗe. Sayi wannan, ka tafi kai tsaye kan na shida.