Kwana bakwai a Bahar Rum ni kaɗai: yadda na shirya da yadda ta kaya

Farashin da na gani a tallar kamfanin jirgin ruwan yawon shaƙatawa daban, wanda aka nuna mini da na zo biya daban. Ina sa mutum ɗaya a gurbin yawan fasinjoji sai kuɗin ya yi tsalle, ya kusa ninkawa. Na kira su a waya ina zaton kuskure ne. Matar da ta ɗauka ta yi mini bayani cikin natsuwa cewa ɗakin jirgin ruwa ana yi masa kuɗi ne a kan mutum biyu za su kwana a ciki, idan kai kaɗai ne sai ka biya naka, ka kuma biya mafi yawan na gadon da babu kowa a kansa. Na fahimci dalilinsu, amma har yau ina ganin bai dace a bar mutum ya gano wannan sai a shafin biya ba.

Mafita ita ce ɗakin mutum ɗaya. Jirgin Norwegian Epic ne ya yi suna da irinsu a 2010, da ɗakuna 128 da aka gina musamman don masu tafiya su kaɗai, daga baya wasu kamfanoni suka bi sahu. Ba shi na shiga ba, amma nawa jirgin ma yana da su 'yan kaɗan, kuma su ne ke fara ƙarewa. Wata bakwai kafin tafiya na kama nawa. Ƙarami ne, babu taga, a hawa na ƙasa kuma a tsakiyar jirgi. Da gangan na zaɓi wurin, domin goshin jirgi da bayansa da benayen sama su suka fi jin igiyar ruwa, ni kuwa ban san yadda cikina zai karɓi teku ba. Ban yi jiri ko sau ɗaya ba. Abin da ban yi tsammani ba shi ne duhu. Idan ka kashe fitila, ƙarfe tara na safe da ƙarfe biyu na dare duk ɗaya ne. Sai na riƙa barin talabijin a tashar da ke nuna gaban jirgi, ba sauti, in gari ya waye allon ya yi haske ya tashe ni. Bangon ɗakin kuma ƙarfe ne, 'yan ƙugiyoyin maganaɗisu da na tafi da su suka riƙe mini hula da jaka da takardar shirin kowace rana.

Hanyarmu ta tashi daga Civitavecchia a Italiya, zuwa tsibirin Santorini a Girka, Kushadasi a Turkiyya, tsibirin Mikonos a Girka, Napoli a Italiya, sannan a dawo. Ka duba jerin nan da kyau kafin ka biya ko sisi, saboda takardu. Italiya da Girka suna cikin yankin Shengen, wato ƙasashen Turai da ake shiga da biza iri ɗaya, Turkiyya ba ta ciki, ke nan jirgin yana fita daga yankin yana sake shiga. Wanda fasfonsa ke buƙatar biza sai ya nemi mai shiga da fita sau da yawa, ya kuma bincika ka'idar Turkiyya daban. Kamfanin ba ya ɗaukar wannan nauyi, an rubuta a sharuɗɗan, kuma idan takardunka ba su cika ba a bakin tasha za a tsayar da kai, kuɗinka kuma ya tafi. Ni sun nemi fasfona ya kasance da sauran wata shida bayan ranar dawowa. Na kuma yi inshorar da ta haɗa da kwashe marar lafiya daga teku, don likitan jirgi ba kyauta yake duba mutum ba.

Shawarar da na fi jin daɗin bi ita ce isa kwana ɗaya kafin ranar tashi. Civitavecchia ba birnin Rum ba ce, tsakaninsu kusan kilomita 80 ne, sama da awa ɗaya a jirgin ƙasa, sannan daga tashar jirgin ƙasa sai ka sake shiga bas zuwa inda jirginka ya tsaya. Na kwana a garin, na tashi da safe ina hango jirgin. Da a ranar na sauka jirgin sama ya yi latti, babu wanda zai jira ni.

Shiga jirgin ya zo da sauƙi fiye da zatona. Na miƙa babban akwatina a bakin tasha da takardar lambar ɗaki a jikinsa, aka ɗauki hotona, aka ba ni kati ɗaya wanda shi ne makullin ɗaki, shi ne shaidar shiga da fita, shi ne kuma abin sayayya. Akwatin bai iso ƙofata ba sai bayan faɗuwar rana, don haka magani da caja da kaya sawa ɗaya su zauna a jakar hannu. Dutsen guga ba ya shiga, haka ma wasu irin wayoyin ƙarin soket, a wurin bincike ake karɓe su. Kafin mu tashi aka yi atisayen gaggawa: na kalli bidiyon sa rigar ceto, na je wurin taruwar da aka rubuta a katina aka duba ni. Wasu na ta gunaguni. Ni ban ga abin gunaguni ba. Bayan haɗarin Costa Concordia a gaɓar tsibirin Giglio a Janairun 2012, wanda mutum 32 suka rasu, aka tsaurara dokar ta zama dole a yi atisayen kafin tashi ko da zarar an tashi. Mai tafiya shi kaɗai ya fi kowa buƙatar sanin hanyar nan da ƙafarsa, tunda babu wanda zai ja hannunsa. Na bi ta sau biyu daga ƙofar ɗakina.

A Santorini na ga inda kaɗaici ke da haɗari. Jirgin ba ya matsawa bakin gaɓa a can, a tsakiyar ruwa yake tsayawa, ƙananan jirage su yi jigilar mutane. Garin Fira kuma yana can saman dutse, ana hawa ne ko da motar igiya, wadda ke tafiya rataye a sama, ko ta matakala kusan 600. Ina shirin sauka daga jirgi, wata dattijuwa da muke cin abinci a tebur ɗaya ta riƙe hannun rigata ta nuna mini allon da ke bakin ƙofa. Ta ce, "Ɗana, ɗauki hoton wannan. Lokacin ƙaramin jirgi na ƙarshe mai dawo da mutane ke nan, kuma da agogon jirgi ake aiki, ba da na wayarka ba." Na ce, "To Mama, na gode." Girka tana gaban Italiya da awa ɗaya, an gyara agogon jirgi da dare, wayata kuwa da ke yanayin jirgin sama tana nan a lokacin Italiya. Da wayar na bi, da na yi zaton ina da sauran awa guda alhali babu.

Duk da haka sai da na sha da ƙyar. Jirage huɗu ne suka tsaya a tsibirin ranar, kuma da yamma kowa ya nufi motar igiya lokaci guda. Layin ya miƙe har ya sha kwana a cikin lungu, rana na duka, ina kallon jirginmu can ƙasa fari fes, ina kallon agogo. Bayan rabin awa ban ko hango ƙofa ba, sai na fita daga layin na kama matakala. Duwatsun suna da santsi, jakuna da alfadarai na hawa da sauka a kansu, hannuna ɗaya a bango har ƙasa. Na samu ƙaramin jirgi na kusa da na ƙarshe, gwiwoyina na rawa. Laifin kamfanin a nan shi ne takardar shirin ranar ba ta yi gargaɗin wannan cunkoso ba, alhali sun san yawan jiragen da za su tsaya.

Daga ranar na sauya tsari. Jirgi yana jiran wanda ya fita da ayarin da kamfani ya shirya, amma ba ya jiran wanda ya fita da kansa. Don haka wuri mai nisa, irin kufan birnin Afisa daga Kushadasi da Pompeii daga Napoli, na biya ayarin jirgi duk da ya fi tsada. Mikonos kuwa da ƙafa na zaga abina, na dawo saura awa biyu.

Batun kewa da na fi tsoro bai zama komai ba. Na nemi a sa ni a teburin haɗaka da dare, mu shida, kuma akwai zaman da ake shirya wa masu tafiya su kaɗai kowace yamma. Ranar da nake son shiru sai in ɗauki littafi in nufi bayan jirgi, inda babu kiɗa sai ƙarar ruwa. Ma'aikatan sun cancanci yabo, wanda ke gyara ɗakina ya riƙe sunana tun daren farko.

Inda na rage wa kamfanin maki shi ne lissafi. Kowace rana ana cire kuɗin hidimar ma'aikata daga asusunka, intanet daban, lemon kwalba daban, wanki daban, kuma da yake kati kawai kake miƙawa ba ka jin fitarsu. Kullum da dare nakan duba asusun a manhajar jirgin, a nan na ga an caje ni wani abu sau biyu, na je teburin karɓar baƙi aka gyara nan take. Kada kuma ka bar wayarka ta kama layin teku, wato layin waya na cikin jirgin, tsadarsa ta wuce misali. Duk da wannan zan sake tafiya, a irin wannan ɗakin kuma.

Daren ƙarshe ana ajiye akwati a bakin ƙofa kafin a kwanta, sai ka same shi a tasha da safe, don haka ka ware kayan da za ka sa tun kafin ka rufe shi. An ba ni ƙarfe takwas da rabi na fita, na ɗauki akwatina cikin minti goma, na kama hanyar filin jirgin sama na Fiumicino. Tikitina na ƙarfe uku na rana ne, na isa da sauran lokaci mai yawa.