Lambar yabo ko yashe magudanar ruwa?

Tumatirin rani da ake saukewa a kasuwar Mile 12 ta Legas daga Arewa yake zuwa, kwanduna da dama kuwa daga Kadawa da Kura ake loda su, inda ruwan madatsar Tiga ke shayar da gonaki. Marigayi Audu Bako, gwamnan Kano daga 1967 zuwa 1975, shi ya gina madatsar. To, in 'yan kasuwarmu na Legas suka tashi karrama irinsa, wace hanya ta fi?

Ta farko ita muka saba: a kama zaure a Agege, a gayyato sarakunan Hausawa, a miƙa wa iyalansa lambar yabo. Yaran da aka haifa a nan, waɗanda ba su taɓa ganin Tiga ba, za su ji labarinsa. Sai dai sunansa ba ya neman talla. Sakatariyar jiha, gidan zu da kwalejin aikin gona ta Dambatta duk suna ɗauke da shi.

Ni ta biyu nake so, ko da yake ta fi wuya. Kuɗin zaure da na shinkafa a biya wa 'ya'yan manoma makaranta a Dambatta, ko a yashe magudanan da ciyawar kacalla ta toshe, ruwa ya kai gonakin da ke can ƙurya. Babu mai ɗaukar hoto a bakin magudana, shi ya sa manya ba sa ɗokinta. Sannan sai an sami amintaccen ma'aji da zai riƙa karanta wa 'yan ƙungiya lissafi duk wata, don kuɗin taro ba ya rasa rigima.