Ofishin masu ba da shawara kan jami'o'in Amurka: da tsada, amma sun san aiki

'Yata ce ta matsa mini sai da muka je wani ofishinsu a nan Abuja. Kuɗinsu ba na wasa ba ne, ɗaga waya kuma sai sun ga dama.

Amma matar da ta zauna da mu ta iya bayani. Ta jawo farar takarda ta raba ta gida biyu. Irin su Columbia da Brown, in ka nemi gurbi da wuri suka ɗauke ka, to ka ɗaure kanka, dole ka janye takardunka daga sauran wurare. Harvard, Yale da Princeton kuwa ba sa ɗaure ka, kana da har 1 ga Mayu ka yanke shawara, sai dai ba su yarda ka nemi wata jami'a mai zaman kanta da wuri ba. Dukkansu suna rufe karɓar takardun masu nema da wuri ranar 1 ga Nuwamba, amsa ta fito tsakiyar Disamba.

Ta ce mini, "Alhaji, mai neman tallafin karatu kada ya yi gaggawar ɗaure kansa, don ba zai ga tayin wasu jami'o'in ya kwatanta ba." Wannan kaɗai ya fanshe kuɗina.

Gyaran rubutun neman gurbi ne bai burge ni ba. Sun yi ta goge shi har ya daina kama da maganar yarinyar.