Gwajin ƙwaya ya riske ni da azumi a baki: abin da na gani a wani asibitin direbobi a Ohio

Shekarata shida ina jan tirela a Amurka, an kira ni gwajin ba-zata ya fi sau biyar, amma na watan azumin da ya wuce ne ya sa na zauna rubutu. Na ɗauko kaya daga New Jersey, na sauke a bayan garin Columbus wajen sha ɗaya na safe, ban ma rufe ƙofar baya ba saƙo ya shigo daga ofis cewa sunana ya fito. A nan babu zancen "bari sai gobe". Da an sanar da kai, ka kama hanya. Hukumar FMCSA, ta gwamnatin tarayya mai kula da lafiyar zirga-zirgar manyan motoci, ta ɗora wa kowane kamfani ya yi gwajin ƙwaya da yawansa ya kai kashi 50 cikin ɗari na direbobinsa duk shekara, na barasa kuma kashi 10. Kwamfuta ce ke zaɓe, shi ya sa wani ke faɗowa sau biyu a shekara, wani kuma shiru.

Asibitin ƙarami ne, yana tsakanin rumbunan ajiyar kaya. Aibinsa na farko tun daga waje yake: wurin da yawancin masu zuwansa direbobin manyan motoci ne, amma babu filin da tirela za ta juya. Sai da na ajiye mota can nesa na tako da ƙafa. Na biyu, ma'aikaciya ɗaya tal ke karɓar fitsari da tsakar rana, mu kuwa mu bakwai ne a zaune. Saurayin da ke kan tebur ya karɓi lasina, ya miƙo takarda, ko kallona bai yi ba.

Da layi ya zo kaina sai lamarin ya sauya. Matar dattijuwa ce, magana a hankali, kuma duk abin da za ta yi sai ta faɗa tukuna. Aka fara da na barasa: ka hura iska cikin na'ura, lamba ta fito a gabanka. Tawa sifili. Wanda ya kai 0.02 sai a jira minti 15 a sake. In ya tsaya tsakanin 0.02 da 0.039, sa'o'i 24 ba zai taɓa sitiyari ba, daga 0.04 kuwa ya karya doka.

Sai na ƙwaya. Na cire riga ta sama, na zazzage aljihu, na wanke hannu. Ruwan masai an zuba masa shuɗi, famfo a rufe, aka ce kada in kora. Mililita 45 na fitsari ake nema. Ni da rabona da ruwa tun sahur, abin da na fito da shi bai rufe gindin kofi ba. Ta zubar, ta rubuta lokaci, sannan ta zaunar da ni.

Wannan zaman shi ne dalilin da zan tura kowa wurin. Ta ce ina da sa'o'i uku, kuma za ta iya ba ni ruwa har oza 40, wato lita ɗaya da ɗan ɗori. Na ce mata ina azumi. Ba ta yi mamaki ba, ba ta kuma matsa mini ba. Ta ce ƙin shan ruwa ba a lissafa shi a matsayin ƙin gwaji, amma in na fita daga ginin kafin a gama, ko da motata zan leƙa, to na ƙi gwaji ke nan, kuma hukuncinsa ɗaya da wanda aka samu ƙwaya a jikinsa. In sa'o'i ukun suka cika babu komai, za a tura ni wurin likita cikin kwana biyar, in bai ga wata lalura ba, nan ma ƙi ne. Na sha zuwa wasu wuraren gwaji, ba wanda ya taɓa warware mini wannan dalla-dalla.

Gabana ya faɗi, domin na san inda irin wannan ke kai mutum. Tun Janairun 2020 akwai rumbun bayanai na gwamnatin tarayya da ake kira Clearinghouse, duk kamfanin da zai ɗauke ka sai ya duba sunanka a ciki. Wanda ya shiga, sai ya bi ta hannun ƙwararre kan shaye-shaye, ya ci gwajin komawa aiki, sannan a bi shi da gwajin ba-zata aƙalla shida a shekarar farko. Daga Nuwamban 2024 ma jiha na sauke masa lasin babbar mota har sai ya kammala. Ni da iyali ke jiran abin da zan aika ƙarshen wata.

Na kira wani Alhaji ɗan zangon Kumasi, wanda a hannunsa na koyi tuƙin nan. Ya ce, "Kai yaro, daga ina ka taso?" Na ce New Jersey, Alhaji. Ya ce, "To matafiyi ne kai, Allah Ya yi maka sauƙi. Sha ruwanka, ka rama." Na yi kusan sa'a guda ina juya maganar kafin na karɓi kofin. Azahar ta same ni a can, na tambayi matar ko akwai inda zan yi salla. Ta nuna mini wani lungu a baranda inda take hango ni daga teburinta, ta janye kujera biyu da hannunta. Allah Ya saka mata.

A karo na biyu ya isa. Ta duba zafinsa nan take, domin dole a duba cikin minti huɗu, ya kasance tsakanin digiri 32 da 38 a ma'aunin Celsius. Ta raba shi kwalba biyu a idona, 30 da 15, ta liƙe, na sa hannu a kan kowace. Ƙaramar kwalbar kariyarka ce. In likitan da ke tantance sakamako ya kira ka ya ce an ga wani abu, kana da sa'o'i 72 ka nemi a gwada ta a wani ɗakin binciken daban.

Abubuwa biyar ake nema: wiwi, hodar iblis, dangin amfetamin, dangin kodin da mofin, da wata ƙwaya da ake kira PCP. 'Yan'uwa, ku kula da biyu daga ciki. Mutanen Ohio sun halatta wiwi da ƙuri'a a 2023, amma wannan bai shafi mai lasin tirela ba, dokar tarayya ce a kansa. Sai maganin tari da ake aiko mana daga gida cikin tsaraba. Najeriya ta hana mai kodin tun 2018, duk da haka a karanta jikin kwalba kafin a kurɓa, domin in babu takardar likita da sunanka a kai, babu abin da za ka nuna wa mai tantancewa.

Wanda hanya ta biyo da shi ta Columbus aka tura shi irin wannan asibiti, ya tambayi ofis tun a waya ko akwai wurin ajiye tirela, kuma in yana azumi ya faɗa wa mai karɓa tun kafin a miƙa masa kofi. Na bar wurin bayan ƙarfe uku. Kwana biyu bayan nan ofis suka ce sakamako ya fito lafiya, azumin kuma na rama shi a makon farko bayan ƙaramar salla.