Kafin ka zaɓi tashar da za ka riƙa jin labarai, duba mai ciyar da ita

Data ta yi tsada, ba wanda zai iya bin kowace kafa. Shawarata ka tsayar da uku, amma kada iyayen gidansu su zama ɗaya.

A cikin tashoshin waje, BBC Hausa ce babbar yaya, tun 1957 take magana da mu, kuma tana da wakilai a Najeriya da Nijar. Idan guda kawai za ka ɗauka, ita zan ba ka. DW kuɗinta daga gwamnatin Jamus yake fitowa, TRT Afrika kuwa ta Turkiyya ce. Saurari yadda su biyun ke ba da labarin Gaza a rana ɗaya, za ka ji kowa da inda ya karkata. Muryar Amurka ta yi shiru a Maris 2025 bayan umarnin Trump, shi ya sa ba na so mutum ya rataya kunnensa a wuri guda.

Labarin Nijar ne ya fi buƙatar hattara. RFI Hausa, wato rediyon Faransa, na da ƙwararrun ma'aikata, sai dai tun juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 Faransa ɓangare ce a rigimar, ba 'yar kallo ba. Sojoji sun dakatar da RFI a watan Agusta na shekarar, suka kuma rufe BBC na wata uku a Disamba 2024. To amma wanda ya koma Muryar Sahel, rediyon gwamnatin Nijar, kaɗai, bakin gwamnati zai riƙa ji safe da yamma. Jin ɓangare ɗaya ba ya yanke shari'a. Ka haɗa su, ka ƙara da Studio Kalangou, shirin labarai na rediyo mai zaman kansa a Nijar.

A gida, rediyon jiha na da amfani wajen sanarwar albashi da rabon taki, amma da wuya ka ji laifin gwamna a can. Don haka nake son tasha mai zaman kanta irin Freedom Radio ta Kano, tare da jaridar Aminiya ko Premium Times Hausa. Rubutu ma bai kai bidiyo cin data ba.

In an kai hari, kwatanta adadin da kowacce ta bayar, ka lura da wanda ta ambato: ganau, ko kakakin 'yan sanda? Saƙon WhatsApp marar tushe kuwa, kada ka tura sai biyu daga cikin ukun nan sun ruwaito shi.