Gidan Tarihin Creation Museum: Kyakkyawan Aiki, Amma Ba Ɗakin Kimiyya Ba Ne

Ƙungiyar Kirista mai suna Answers in Genesis ta buɗe wannan gidan tarihi a garin Petersburg na jihar Kentucky a Amurka a shekarar 2007, kuma duk wanda ya shiga zai shaida cewa an kashe kuɗi an ƙawata shi. Lambun da ke kewaye da ginin yana da tsabta, ɗakin kallon taurari yana ɗaukar hankali, sannan mutum-mutumin dainaso (wasu dabbobin zamanin da waɗanda suka ƙare) masu motsi suna tsaye kusa da siffofin yara, domin gidan yana koyar da cewa mutane da waɗannan dabbobi sun yi zamani ɗaya, kuma duniya ba ta wuce shekara 6,000 ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wurin da aka nuna masana biyu suna tono ƙashin dainaso ɗaya, ana cewa bambancinsu na mafari ne kawai, wato ɗaya ya faro daga Littafi Mai Tsarki, ɗayan kuma daga tunanin ɗan Adam. A nan nake da ja. Masana sun auna shekarun duniya, kimanin biliyan 4.5, ta hanyar auna yadda sinadarai masu fitar da tururin nukiliya ke rikiɗa zuwa wasu sinadaran sannu a hankali a cikin duwatsu, kuma kowa yana iya sake gwajin ya ƙaryata su idan sun yi kuskure. Shi kuwa gidan ya riga ya yanke hukunci daga Littafin Farawa, wato littafi na farko a cikin Littafi Mai Tsarki, babu kuma wata hujja da za ta sa ya janye. Wannan imani ne, yana da darajarsa, kuma Kotun Ƙolin Amurka ta ɗauke shi a matsayin addini a hukuncinta na 1987 kan koyar da shi a makarantun gwamnati.

Mai son fahimtar wannan aƙida zai ƙaru sosai. Malamin da zai kai ɗalibai darasin ilimin duwatsu kuwa ya nemi wani wurin.